Gaggawa

Ran Laraba munka tafi Achida, ni da jikata Luba,
ni don fatar jar akuya, ita don kallo.
Can bayan 'yan kaji, a gindin wani bedi,
wani Arzika ya kife kwando
a kan hajar da ba ta kuka.

Ya ɗaga. 'Yan kunkuru huɗu,
kowane bai cika tafin hannun yarinya ba.
Luba ta nuna mai kyan zane.
Na ce dakata.
Ni baduku ne, shekara hamsin ina taya fata,
kyan baya bai taɓa cin kuɗina ba.

Na ɗauka, sakayau kamar busasshen ƙoƙo,
ido a lumshe, hanci da danshi,
bayan na lotsawa in an danna. Na aje.
Na biyu ko motsi. Na uku kuwa
ya ja wuya ciki, ya yi mini huci,
ya tokare yatsana da ƙafa,
sannan ya jiƙa mini hannun riga.
Arzika ya ce, "Wanga naka na, baba,
ga shi har ya sa hannu."

Tun cikin mota ta raɗa mai suna: Gaggawa.

A gida kakarta ta leƙa, ta taɓe baki:
"Ba nono, ba ƙwai, ba layya. Mi za a yi da shi?"
Ba mu tanka ba. Munka jera tubali gindin lemo,
munka binne kasko har baki,
ruwa iya wuyansa, kada wanka ya zama ajali.
Rabin fasasshen tulu ya zama ɗaka.
Bisa munka shimfiɗa tsohuwar koma,
don shirwar Runjin Sambo ba ta san ɗan gida ba.

Luba ta kawo mai tuwo. Ya juya baya.
Ta kawo tsoka daga miya, na riƙe hannunta.
Abincinsa na talaka ne:
ganyen wake, rama, ɗanyar ciyawa,
ran da anka yi arziki, ɓawon kankana.
Yakan dubi ganye tsawon alwala
kafin ya sa baki.

Watan zafi, lokacin da kwalta ke kama takalmi,
munka wayi gari babu shi.
Kwana biyu ana ɗaga turmi, ana leƙa rariya,
Luba ta ƙi fura, ta ƙi makaranta.
Rana ta uku kakarta ta zo ɗiban ruwa,
ta ga ƙasa ta tashi a gindin randa.
Ya haƙa rami inda sanyi ke ɗiga,
ya shige abinsa yana barci.
Ta ce, "Duk gidan ga shi kaɗai ad da wayo."
Tun ranan nake ganin yakuwar miya tana raguwa,
ban tambaya ba.

Sau ɗaya na iske shi rigingine da azahar,
ƙafa huɗu na tuƙa iska.
Na juya shi da yatsa guda.
Ko godiya. Ya ci gaba da tafiyar da ya faro.

Duk sabon wata nakan auna bayansa da zaren jima,
in ƙulla, in rataye a ƙusa.
Tsakanin ƙulli da ƙulli bai kai ƙwayar gero ba.
Luba ta ce, "Yaushe zai kai in hau?"
Na ce sai kin yi furfura irin tawa.
Ta yi dariya, ta ruga.

Ni kuwa na tsaya da zare a hannu ina lissafi.
Ban gama ba.
Na dai kira ta, na nuna mata yadda ake ƙullin,
da ƙusar da ake ratayewa.